Mari Ɗaya, Fina-finai Biyu

A shekarar 2019 fim ɗin Kabir Singh ya fito a Indiya, ya kawo kuɗi sosai, ya kuma tayar da ƙura. Shahid Kapoor ya fito a matsayin ɗalibin likita mai zafin kai. Yana ganin Preeti a makaranta sai ya gargaɗi sauran samari cewa tasa ce, ba tare da ya ji ta bakinta ba. Daga baya ya kwaɗa mata mari, ya ba ta wa'adin awa shida ta zaɓa, ko shi ko iyayenta. A ƙarshe ta koma masa.

Abin da masu sharhi suka soka shi ne yadda darakta Sandeep Reddy Vanga ya ƙawata halin: kiɗa mai tsuma rai, kyamara tana bin jarumin kamar sarki, har zaluncin ya koma alamar tsananin so.

A shekarar da ta biyo baya fim ɗin Thappad ya zo. Mijin Amrita ya mare ta sau ɗaya gaban baƙi a wajen biki. Taapsee Pannu, wadda ta taka rawar, ba ta yi ihu ba. Shirun da ke fuskarta ya isa. Dangi suka yi ta ce mata ta haƙura, maganar da kowace matar Bahaushe ta sha ji. Ta nemi saki.

Matasanmu na kallon waɗannan fina-finai da fassarar Hausa a waya. Iyaye, ku zauna ku kalli Thappad tare da 'ya'yanku maza.