Wane ne maƙwabcinka?

Ɗan'uwa mai karatu, a Bobiel ana zaune a cakuɗe. Ga Bahaushe, ga Bazabarme, ga Bafillace, ga Buzu. Yawancin mutane Musulmi ne, Kirista kaɗan ne. To, a cikin waɗannan duka, wa ya kamata ka yi wa alheri?

An taɓa yi wa Yesu Almasihu irin wannan tambaya. Amsarsa tana cikin Linjilar Luka, sura ta 10. Da labari ya amsa.

Wani matafiyi ya taso daga Urushalima za shi Yariko. Ƴan fashi suka tare shi, suka doke shi, suka bar shi kwance rai a hannun Allah. Manyan masu addini biyu suka zo, suka gan shi, suka ratse. Sai ga wani Basamariye. Samariyawa kuwa ba sa ga maciji da Yahudawa. Amma shi ne ya tsaya. Ya ɗaure masa raunuka, ya ɗora shi bisa dabbarsa, ya kai shi masauki. Ya ba mai masauki dinari 2, wato ladan aikin kwana biyu.

Ka lura da abu biyu. Basamariyen bai tambayi ƙabilar mutumin ko addininsa ba. Kuma alherin ya ci masa lokaci, ya ci masa kuɗi. Ga Kirista, maƙwabci shi ne duk wanda wahala ta ajiye a gabanka. Dalili kuwa, Allah ne ya fara yi mana alheri tun ba mu cancanta ba.

A ƙasarmu ma an ga haka. A 1950 mishan SIM ta buɗe asibiti a Galmi, garin albasa, cikin jihar Tawa. Galibin majinyatan da ke zuwa can Musulmi ne, wasu ma daga Nijeriya. A 1956 aka buɗe wurin jinyar kutare a Danja, kusa da Maraɗi. A lokacin, mutane da yawa suna ƙyamar cin abinci tare da kuturu. Ma'aikatan Danja kuwa suna wanke masa gyambo da hannunsu. A 2012 aka ƙara buɗe wurin aikin yoyon fitsari domin mata a can.

Alheri ya fi wuya ranar da aka cuce ka. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, tarzoma ta tashi a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatanci na wata jarida ta Faransa. Mutum 10 suka mutu. Ƴan sanda sun ce majami'u 45 aka ƙone a Yamai. Shugabannin Kirista suka ce kada a rama, a yafe. A ranakun nan kuma, akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu. Ka ga, su ma sun yi abin da Basamariyen nan ya yi.

Wataƙila ka ce: "Ni talaka ne, me gare ni?" Ai ba sai ka gina asibiti ba. Yanzu ka iya karatu. Karanta wa tsohuwar da ke kusa da kai takardar magani, kada ta sha shi ba daidai ba. In ɗan maƙwabcinka ya kamu da zazzaɓi cikin dare, raka uwarsa likita. Biya ɗan garuwa kuɗinsa da wuri, ba da faɗa ba. In ruwan damina ya kayar wa wani da ɗaki, ba shi tabarma da wurin kwana.

Wani zai mance da abin da ka yi masa. Wani ma zai sāka maka da sharri. Kada wannan ya hana ka, don ba domin godiyarsa ka yi ba. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Tambayoyi

1. Me Basamariye ya kashe domin matafiyin?
2. A wace shekara aka buɗe asibitin Galmi?
3. Wa ke bukatar taimakonka a unguwarku cikin makon nan?