Zaɓen gaggawa: abin da 1995 ta koya wa ƴan kasuwa

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwar Dogo, bari mu waiwayi 1994. A watan Janairu aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada. A Satumba firaminista Mahamadou Issoufou ya yi murabus, jam'iyyarsa PNDS ta haɗa kai da MNSD. Shugaba Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, ya rasa rinjaye, sai ya rushe majalisa a Oktoba, ya kira zaɓe kafin wa'adi.

Ranar 12 ga Janairu 1995 aka kaɗa ƙuri'a. Ƴan adawa suka samu kujeru 43 cikin 83, dole shugaba ya karɓi Hama Amadou a matsayin firaminista. Su biyun ba sa ga maciji da juna, har taron ministoci ya riƙa gagara. Ga ma'aikata na bin gwamnati albashi, kuma mun sani in malamin makaranta bai karɓi albashi ba, mai tuwo da mai kanti ke ɗaukar bashinsa. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanal Ibrahim Baré Maïnassara ya ƙwace mulki.

Ƙasar Fotugal ta yi irin wannan zaɓe a 2022, 2024 da 2025, soja bai fito ba, don ƴan siyasarta sun zauna da sakamakon. Ashe ƙuri'a ba ta raba rigima sai manya sun yarda su yi aiki tare. In sun ƙi, mu na kasuwa ke biya.