Kafin Maigida Ya Sayo Miki Gatarin Faskare

Yau zancenmu a kan wani kayan aiki ne da kusan kowane gida ke da shi, amma ba a cika sa shi cikin lissafi ba sai ranar da ya yi ɓarna, wato gatari.

Abin da ya jawo maganar shi ne, a makon jiya wata ɗalibata ta zo aji tana ɗingishi, ƙafa ɗaure da tsumma. Da na tambaye ta, sai ta ce tana faskare ne da magariba, ta taka itacen da ƙafa, gatarin ya goce. Allah ya taƙaita, yatsun suna nan. Da na je gidansu dubiya na ce a nuna mini gatarin. Baki ya dakushe, ƙota ta tsage an naɗe ta da roba, kan yana ta girgiɗi. Uwar yarinyar ta ce, "Malama, haka aka sayo shi, wai ya fi araha." To, araha dai ba ta ado.

Kun sani a nan Bilbis da sauran garuruwan ƙasar Tsafe, har zuwa Gusau da Bunguɗu, mafi yawanmu da itace muke girki. A da yara kan shiga daji su yo ƙirare, amma yanzu saboda 'yan bindiga babu uwar da hankalinta zai kwanta ta tura 'yarta nesa da gari. Ga shi tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin ɗauko kaya ya tashi, ɗaurin faskare ma ya bi sahu. Don haka gidaje da yawa sun koma sayen gungume su fasa da kansu, don ya fi auki. Sai dai mace ce ke aiki da gatarin, namiji ne ke sayowa. Idan ba ki gaya wa maigida irin wanda kike so ba, wanda ya fara gani shi zai ɗauko.

Da farko ki dubi irin itacen da ake kawo miki. In sabara ce da geza da kalgo da rassan dogon yaro, ƙaramin gatarin maƙera ya isa. In kuwa gungumen marke ne ko ƙirya, waɗannan itatuwa ne masu tauri, siririn baki zai shige ne ya maƙale, ki yi ta fama da zarewa. Su sai gatari mai kaurin kumatu, domin faskare ba yanka ba ne, buɗa itace ne ta bin tsawonsa, kuma kaurin ƙarfen ne ke buɗawa.

Gatari iri biyu ne a kasuwa. Akwai na maƙeranmu, mai tsinin baya da ake kafawa cikin kan ƙota. Ba shi da nauyi, kuma in ya lalace maƙerin na kusa. Aibinsa shi ne yawan sara yakan tura tsinin ciki har kan ƙotar ya dare. Akwai kuma na kanti, mai rami a baya inda ƙota ke shiga. Ya fi nauyi, ya fi fasa babban itace, amma idan ba a matse ƙotar sosai ba kan yakan fice ya yi sama, kuma tsakar gida ba ta rasa yara.

Ga abin da za ki ce a duba kafin a biya kuɗi.

Na ɗaya, ƙarfen. Maƙera da yawa da sifirin tsohuwar mota suke ƙira, kuma ƙarfe ne mai kyau. A riƙe kan gatarin a sake, a ƙwanƙwasa shi da ƙusa. Lafiyayye yakan yi ƙara mai tsawo, mai tsaga a ɓoye kuwa ƙararsa a dushe take. A kuma goga magagari a bakin. In yana cinsa kamar sabulu, ƙarfen ya yi laushi, kullum kina cikin wasawa. In ya zame bai kama ko kaɗan ba, ya yi tauri da yawa, zai riƙa ɓantarewa.

Na biyu, ƙotar. A nemi ta aduwa ko ta marke, busasshiya, marar gaɓa, wadda gara ba ta taɓa ba. Ɗanyar ƙota takan motse idan ta bushe, kan ya saki. Kada fenti ya ruɗe ku, sau da yawa tsaga yake rufewa. Tsawonta ya kai santimita 70 zuwa 90, domin gajeriyar ƙota in ta kuskure itace ƙauri take nema, doguwa kuwa ƙasa take samu.

Na uku, nauyi. Manyan gatura na fasa gungume sukan kai kilo 3 ko fiye, waɗannan na ƙarti ne masu sana'ar faskare. Ke abin da bai wuce kilo 2 ba ya ishe ki. Maigida ya tuna ba hannunsa zai auna ba, naki zai auna. In da hali, a yi sharaɗi da mai sayarwa cewa za a musanya idan bai yi ba.

Gungumen da ya gagari gatari kuma, kada ki bugi bayan gatarin da taɓarya ko dutse, ramin zai buɗe ya lalace. A sa maƙeri ya ƙera muku weji guda biyu, wato guntun ƙarfe mai siririn baki da kaurin kai, a haɗa da babbar guduma. A kafa ɗaya a inda itacen ya fara tsagewa a yi ta bugu, in ya nutse a kafa na biyu. Ba dole kowane gida ya mallake su ba. Gida uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi, ko a fitar daga kwasar adashi, a riƙa ara.

Wasu ɗalibaina sun nuna mini hoton injin faskare a waya, suna tambaya ko za mu samu irinsa. A Turai da Amurka ana amfani da shi ƙwarai. Matsin mai ne ke tura gungume a kan ƙarfe mai baki har ya dare. Ƙanana masu aiki da lantarki suna da ƙarfin turi na tan 5 zuwa 7, masu shan fetur kuwa sukan wuce tan 20. Amma yana son itace miƙaƙƙe da aka yanka gunduwa-gunduwa da zarto, namu kuwa yawanci a karkace yake zuwa. Sannan ga wuta ko fetur, ga kayan gyara da sai an nemo daga nesa. Mai gidan burodi ko dillalin itace zai iya cin ribarsa. Gidan da ke hura murhu ɗaya kuwa, gara ya biya mai faskare ladansa sau ɗaya a wata.

In gatari ya zo gida, saura kiyayewa. Kada ki yi faskare da goyo, ko da almuru. Ki kori yara su yi nisa kamar taku goma, ki ɗaga kai ki duba igiyar shanya. Ki aza itacen a kan wani faffaɗan gungume, ki ware ƙafafu, kada ki taɓa taka shi don ya tsaya. Ki fara daga gefe, ki kauce wa gaɓa. Idan kan ya fara girgiɗi, jiƙa shi a ruwa dabarar yini ɗaya ce, yana bushewa zai fi da sakewa. A kai wa maƙeri. In tsautsayi ya faɗa, a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne da ƙyalle mai tsabta, a tafi asibiti a yi allurar rigakafin sarƙe-haƙora. Ban da zuba toka ko ƙasa.

Amfanin wannan wahala ba a aljihu kaɗai ya tsaya ba. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma fasasshe ya fi saurin bushewa nesa ba kusa ba. Ki fasa tun da rani, ki jera a kan duwatsu inda iska ke ratsawa, ki rufe samansa kafin damina. Busasshen itace ya fi zafi, ya fi ƙarancin hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda hayaƙin girki ne babban tushenta, ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mu da yaran da muke goye ne muka fi shaƙarsa. Haka kuma duk ɗaurin da kika rage ƙonawa, kin rage wa dajinmu sara. Ɗorawa da kaɗanya kuwa, da ke ba mu kalwa da man kaɗe, kada mu yarda a sare su ɗanyu don murhunmu.

Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan fili, sannan ku je ku girgiza kan gatarin gidanku tun yau. In ya motsa, a ajiye shi sai an gyara. Allah ya tsare mu da iyalanmu, amin. Sai mako mai zuwa.