Ƙofar da aka datse a Gwatemala

Ranar 8 ga Maris 2017 gobara ta tashi a gidan kula da yara na gwamnatin Gwatemala da ke San José Pinula. 'Yan mata 56 aka cusa a ɗaki guda, aka datse ƙofa da kwaɗo. Wuta ta kama katifun soso, hayaƙi ya turnuƙe, sai bayan minti tara aka buɗe. Yara 41 suka rasu.

Abin takaicin shi ne, tun 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Ƙa'idojin Havana kan kare yaran da ake tsare da su. Sun tanadi a tsara irin wannan gini yadda haɗarin gobara zai ragu, a sa ƙararrawar gargaɗi, a riƙa atisayen fitar da yara cikin gaggawa, kuma wurin kwana ya zama ɗakin mutum ɗaya ko na 'yan kaɗan.