Shagon Maigida ko Ajin Makaranta: Ina Ake Zama Kafinta?

Mutane da yawa kan wuce Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa GRA ba su san cewa a wannan yanki aka fara koyar da aikin kafinta a aji a Kano ba. A 1909 ne wani Bature mai suna Hanns Vischer ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, kuma bayan karatun ƴaƴan sarakuna da na malamai, an yi sashen sana'o'in hannu. Kafin nan aikin itace na masassaƙa ne, masu gizago, masu fitar da turmi da akushi da ƙota, kuma ɗa a wurin ubansa yake ɗauka. Tun daga lokacin hanya ta rabu biyu. Har yau duk mai son riƙe zarto sai ya zaɓa: ya je shagon maigida, ko ya shiga makarantar koyon sana'a.

Yaron shago ba ya fara da zarto. Shara yake fara yi, sai aike, sai riƙe katako, sai ya wuni yana goga samfefa har yatsunsa su yi kanta. Mai kallo zai ce ɓata lokaci ne, alhali a nan hannu ke sanin itace. Ranar da maigida ya tafi da shi ƴan katako na Na'ibawa ko na Rijiyar Lemo, zai ga yadda ake ɗaga falanki a ji nauyinsa, a kanne ido a duba ko ya karkace. Yawancin katakon daga Kudu yake zuwa da sauran danshi a jikinsa. Wanda ya yi gaggawar haɗa ƙofa da shi a damina, hunturu zai tona masa asiri, domin ƙofar za ta tsage ko ta ƙi rufuwa. A shago kuma ake koyon abin da babu shi a allo: yadda ake yanka farashi, yadda ake karɓar kafin alƙalami ba a cinye shi kafin a sayi kaya ba, da yadda ake lallashin uwar amarya da ta zo duba gado da madubi saura mako guda biki.

Matsalar ita ce yaro kan kwashe har da aibin maigidansa. In maigida mai awo da ido ne, haka zai tashi. In mai "dawo gobe" ne, shi ma ya gaji saɓa alkawari. Shaguna da dama yanzu sun koma aiki da katakon MDF da gam da ƙusa, kaya mai ƙyalli a ido wanda ruwa na taɓa shi ya kumbura. Yaro zai iya shekara biyar a irin wannan wuri bai taɓa fafe rami ya sa harshen katako a ciki ba, wato haɗin da ke sa kujera ta kai jikoki. Ga injin yanka babu kariya, ga ƙura da feshin fenti babu abin rufe hanci.

Makaranta ta fi ƙarfi daidai inda shago ya gaza. A kwalejin fasaha ana koyon zane da karanta shi, ana awo da milimita, ana sanin dalili. Ɗalibi zai ji cewa katako ta faɗinsa yake tsukewa in ya bushe, tsawonsa kusan bai motsi, don haka ake bar wa saman tebur ɗan sarari ya yi numfashi. A ƙarshe ga takardar NABTEB, hukumar jarrabawar da aka kafa a 1992, ko ta gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Mai neman aiki a kamfani ko kwangilar kujerun makaranta ya san amfanin takarda. Sai dai inda wuta ba ta tsayawa, katakon gwaji kuma ya yi kaɗan, ɗalibi kan fito ya iya zana kabad sarai, a ba shi zarto layi ya kuɓuce masa.

In aka ce lallai in zaɓi ɗaya ga mai son ci da sana'ar, shago zan zaɓa. Wanda hannunsa ya faɗa zai iya koyon zane cikin watanni, har ya je ya zauna gwajin sana'a daga baya. Mai takarda kuwa da wuya ya yarda ya koma shara da samfefa.

Mai yi don nishaɗi lissafinsa daban ne, kuma irinsa ba su da wuyar samu a GRA: ma'aikaci ko ɗan fansho mai fili a bayan gida da garejin da babu mota. Shi ba zai zama yaron kowa ba, kafinta ma zai ji nauyin aiken Alhaji sayo ƙusa. Yawanci YouTube yake komawa, inda mutanen Amurka ke aiki da itatuwa da injunan da ba a samu a nan. Ya fi masa ya biya wani ƙwararre ladan safiyar Asabar, ya sayi zarto da guduma da kurfi da sikwaya da tef, ya fara koyon wasa zarto da kurfi kafin ya yi tunanin inji. Aikin farko ya zama benci, da katako mai araha, ya bar madaci sai hannu ya nuna.

Ko ɗa za a kai ko kai za ka je, kada a zaɓi maigida da kyan fentin kayansa. A kifa kujerar da ya yi a duba ƙasanta, a ja aljihun tebur a ji ko yana tafiya sumul, sannan a tambayi maƙwabtan shagon yara nawa ya yaye, kuma ina suke aiki yanzu.