Sauƙaƙa Ƙirar Injinan Noma: Nazari daga Maƙerun Jega, Aliero da Maiyama

1.0 Gabatarwa

A yankin Jega da Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi, inda ake noman shinkafa da albasa, manoma sun dogara da injinan ban-ruwa da na niƙa da na sussuka. Idan injin sussuka ya lalace da kaka a ƙauye irin Giwa Tazo, shinkafar da aka yanke kan kwana a gona, tsuntsaye da ɓeraye na ɗiba, har sai an samo abin gyara daga kasuwar Jega ko nesa da ita. Wannan maƙala ta dubi yadda sake tsara inji domin sauƙin ƙira da harhaɗawa ke rage irin wannan asara, da alaƙarsa da sana'ar ƙira ta Bahaushe.

2.0 Ma'anar Tsarin

Manufar tsarin ita ce a yi tunanin maƙeri da mai harhaɗawa tun inji yana zane a takarda. Masana biyu a Amurka, Geoffrey Boothroyd da Peter Dewhurst, su ne suka yi fice wajen tsara ƙa'idojinsa a shekarun 1970 da 1980. Sun ce a yi wa kowane ɓangare na inji tambayoyi uku: Shin yana motsi dabam da sauran? Shin wajibi ne a yi shi da wani abu dabam? Shin sai an ware shi kafin a iya haɗa injin ko kwance shi? Idan amsoshin duka a'a ne, ana iya haɗe ɓangaren da maƙwabcinsa ko a watsar da shi. Raguwar ɓangarori kuwa ita ce raguwar notuna da lokacin aiki da wuraren da kuskure zai shiga.

3.0 Tushensa a Ƙirar Gargajiya

Wannan tunani ba baƙo ba ne a maƙera. Fartanya ɓangarori biyu gare ta, ruwa da ƙota. Maƙeri kan gasa wutsiyar ruwan ya dasa ta cikin ƙota, ba noti ba ƙusa. Dalilin rabuwarsu a fili yake: ruwan sai ƙarfe, ƙotar sai itace, kuma idan ɗaya ya lalace ana musanya shi a bar ɗayan. Ke nan fartanya ta amsa tambaya ta biyu da ta uku tun kafin a rubuta su.

4.0 Misali daga Senegal

A kwarin Kogin Senegal, cibiyar binciken shinkafa ta ADRAO, wadda yanzu ake kira AfricaRice, ta haɗa kai da hukumomin SAED da ISRA da masu ƙira na yankin, suka sake fasalin wani injin sussuka mai asali daga Biyetnam. An fitar da shi a 1997 da sunan ASI. Muhimmancinsa shi ne an tsara shi yadda ƙananan ma'aikatun walda za su iya ƙera shi su kuma gyara shi, abin da ya taimaka ya bazu zuwa ƙasashe irin su Mali da Muritaniya.

5.0 Inda Gizo ke Saƙa

Masu walda na yankin Jega ba su rasa basira ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne daidaiton awo. Yawanci akan kwaikwayi inji da ido, da ƙarfen da ya samu a hannu, sai a tarar injina biyu daga shago ɗaya ba sa karɓar kayan juna. Gyare-gyare huɗu za su yi tasiri: amfani da noti mai girma ɗaya yadda sifana guda za ta wadatar, zaɓar boris da bel da ake samu a kasuwar kusa, lanƙwasa farantin ƙarfe maimakon yanka shi gida-gida a yi walda, da ajiye ma'auni na dindindin domin huda ramuka. Sai dai akwai iyaka: idan aka manne ɓangaren da ke saurin cinyewa da walda don gudun noti, an sauƙaƙa wa maƙeri, an wahalar da manomi ranar gyara.

6.0 Kammalawa

Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana kusa da waɗannan maƙeru, amma zanen injiniya ba zai amfani mai walda ba sai ya zo cikin harshen da yake aiki da shi. A nan aikin manazarta Hausa ya shigo: tattara kalmomin maƙera da na shagunan walda, daidaita su, da rubuta jagororin harhaɗa inji da Hausa, cikin boko da ajami.