Idan Mai Bin Bashi Ya Tsaya a Ƙofar Gida

Tsakanin watan Yuli da Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba, a nan ne aka fi cin bashi a ƙauyukanmu. Wani domin taki, wani domin kuɗin makarantar yara, wata kuma domin an kwantar da mijinta a asibiti. Kowa da niyyar biya da kaka. Amma idan ruwa ya ɗauke da wuri, ko farashin masara ya faɗi, ko aka yi wa mutum ɓarna a gona, sai kaka ta zo babu abin biya. Daga nan sai a fara jin ƙarar babur a ƙofar gida da sassafe. A ziyarar da muke kai wa ikilisiyoyi, da wuya mu tashi ba a ja mu gefe bayan sujada an tambaye mu a hankali ba: "An ce za a kawo mini 'yan sanda, yaya zan yi?" Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wannan bayani a fili, a karanta shi a taron zumuntar mata da na maza, domin wanda kunya ta hana shi tambaya shi ma ya ji.

Ba muna koya wa kowa ƙin biya ba ne. Wanda ya ci bashi, dole ya biya. Abin da muka lura shi ne, yawancin wahalar da mutanenmu ke sha daga ɓuya take farawa. Mutum ya kashe waya, ya riƙa fita ta bayan gida, ya koya wa yara su ce Baba ba ya nan. Shi kuwa kuɗin ruwa ba ya jiran kowa. Wanda ya karɓi naira 50,000 a kan ruwan kashi 10 cikin ɗari kowane wata, naira 5,000 ke hawa kansa duk wata. Idan ya yi shekara yana ɓuya, ruwan kaɗai ya kai 60,000, ya fi uwar kuɗin. Ban da haka, mai bin bashin da bai ga idonka ba zai ɗauka ka yi niyyar cinye masa kuɗi ne, sai ya koma kan matarka, ko kan wanda ya tsaya maka.

Ka riga shi zuwa

Da zarar ka gane ba za ka iya biya a ranar da aka sa ba, kada ka jira ranar ta zo. Ku zauna da matarka, ke kuma da mijinki, ko da shi bai san da bashin ba. Mun san wannan zama yana da nauyi, amma gara ya ji daga bakinki da ya ji daga bakin baƙo a gaban maƙwabta. Ku ɗauki littafin rubutu ku rubuta kowane bashi: wa ke bin ku, nawa aka karɓa, nawa ne ruwa, nawa aka riga aka biya, kuma yaushe. Abin mamaki, mutane da yawa da muke tambaya ba su san abin da suka riga suka biya ba, sai abin da mai karɓa ya faɗa musu. Idan banki ne ko ƙungiyar gama kai, kuna da iko ku nemi a ba ku lissafin a rubuce.

Bayan haka ku cire abincin gida har zuwa wata kaka, ku cire iri, ku cire kuɗin magani. Abin da ya rage shi ne abin da za ku iya alkawartawa, ko da kaɗan ne.

Sai ka je wurin mai bin ka da ƙafarka, tare da shaida wanda ake jin nauyinsa, kamar dattijon ikilisiya ko mai unguwa. Ka faɗi gaskiyar abin da ya faru. Ka roƙi a tsayar da ruwan inda ya kai, a ƙara maka lokaci, a kuma raba biyan yadda zai dace da lokacin da kake samun kuɗi, wato ranar kasuwa, ko bayan an sayar da citta, waken soya ko alade. Mutane sukan ce ai ba zai yarda ba. Sau da yawa yakan yarda, domin shi ma ya san kotu tana cin kuɗi da lokaci, kuma naira 3,000 da ke shigowa kowace kasuwa ta fi masa alkawarin 30,000 da ba zai gani ba. Amma kada tsoro ya sa ka yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinka don dai ya tashi ya ba ka wuri. Wanda ya saɓa alkawari na biyu, ba a cika sauraronsa a na uku ba.

Duk abin da aka shirya a rubuta shi takarda biyu, kowa ya sa hannu tare da shaidu. Duk kuɗin da ka biya ka karɓi rasit. Idan na banki ne, ka zuba a asusun bankin, ba a asusun ma'aikacin da ya zo karɓa ba. Kada ka dangwala yatsa a farar takarda, ko a wadda ba a karanta maka ba.

Abin da doka ta ce

Kasa biyan bashi ba laifin da ake kama mutum a kansa ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, bashi kuwa yarjejeniya ce. Sashe na 36 kuma ya hana a kama wani a madadin wanda ake nema, saboda haka ba daidai ba ne a tafi da mata ko ɗa domin ba a sami maigida ba. Mun sani ana yi duk da haka. Idan aka kira ka ofishin 'yan sanda, ka je, kada ka yi gardama ko zagi, kuma kada ka je kai kaɗai. Ka ce ka amince ana bin ka, magana ce ta bashi, kana neman hanyar biya. Idan ƙananan ma'aikata suka matsa, wanda ya raka ka ya nemi ganin DPO. Beli kyauta ne.

Akwai inda maganar takan canza. Wanda ya karɓi kuɗi da ƙarya, misali ya nuna gonar da ba tasa ba ko ya yi amfani da sunan wani, wannan zamba ce, ana kuwa kama mutum a kanta. Haka wanda ya ba da cek alhali babu kuɗi a asusunsa: akwai dokar 1977 da ta tanadi ɗaurin shekara 2 a kan haka.

Mai bin bashi ba shi da ikon shiga gidanka da ƙarti ya kwashe buhuna, ko ya kwance akuya, ko ya kulle ka a ɗaki. Hanyarsa ita ce kotu. Sai alƙali ya yanke hukunci, sa'an nan ma'aikacin kotu ya zo da takarda. Idan tun farko ka sa hannu cewa ka jinginar da wani abu, kamar babur, wannan yana da nasa hukunci, sai a duba abin da takardar ta ce. Idan aka zo da ƙarfi, kada ka ɗauki sanda. Ka kira mai unguwa da maƙwabta su shaida, a rubuta abin da aka ɗauka. Idan kuwa sammaci ya zo daga kotu, ka amsa. Wanda bai je ba, ana iya yanke hukunci a bayansa bisa lissafin mai ƙara kaɗai. Wanda ya je da rasit ɗinsa zai iya gyara lissafi, ya kuma roƙi alƙali a bar shi ya biya kaɗan-kaɗan. Amma wanda kotu ta umarta ya biya, yana da hali ya ƙi, kotu tana iya tsare shi.

Masu bashin banki su san cewa tun daga 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna izinin cire kuɗin bashin da ya wuce lokaci daga asusun mutum da ke wani banki, ta hanyar lambar BVN, idan ya sa hannu a kan haka lokacin karɓa. Sauya banki ba ya ɓoye kowa. Akwai kuma kamfanonin da ke ajiye sunayen waɗanda ba su biya ba, bankuna suna dubawa kafin su ba da sabon rance. Wanda ya tsaya wa wani kuma, idan mai bashin ya kasa, shi za a bi. To, wanda ya yi maka wannan alheri, shi ya kamata ya fara jin halin da kake ciki.

Bashin waya

'Ya'yanmu da ke karatu ko aiki a Jos, Kaduna da Abuja su ne suka fi faɗawa wannan. Ana danna waya, kuɗi ya shigo cikin minti kaɗan, a ce a biya cikin mako ɗaya ko biyu. Idan aka makara, sai saƙo ya iso wayar uwa a ƙauye, ko ta fasto, cewa wane ɓarawo ne ana nemansa. Wannan aikin ya saɓa wa doka. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar wani kamfanin rance naira miliyan 10 saboda irin wannan. A 2022 hukumar kare masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu a Legas, ta kuma wajabta musu rajista. Daga 31 ga Mayu 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke kasuwarsa shiga lambobi da hotunan da ke wayar mutum. Duk da haka wasu suna nan suna yi ta bayan fage. Idan irin wannan saƙo ya zo miki, Mama, kada ki tura ko kwabo, ba ke ake bi ba. A ajiye saƙon kada a goge, shi ne shaidar da za a kai wa FCCPC. Yaron kuma a kira shi a ji gaskiya, domin bashin yana nan a kansa ko da kamfanin ya yi laifi.

Abin da ba a taɓawa

Matsi yakan sa mutum ya ci sabon bashi don ya rufe tsoho, galibi a kan ruwa mafi tsada. Ba mu taɓa ganin wanda wannan ta fisshe shi ba. Ma'ajin ikilisiya da uwar adashe, ku ma kada ku ari kuɗin da ke hannunku da niyyar mayarwa kafin a sani.

Idan dole a sayar da wani abu, a fara da abin da ba ya kawo abinci: waya mai tsada, talabijin, rago ɗaya daga cikin garke. Gona, shanun huɗa, keken ɗinki da injin niƙa su ne na ƙarshe, domin da su ne za a biya bashin. A Maimaitawar Shari'a sura 24 an hana Isra'ilawa karɓar dutsen niƙa a matsayin jingina, saboda da shi gida ke cin abinci, an kuma hana mai ba da rance shiga gidan mutum don ɗauko jingina. Jinginar gona ita ce ta fi ba mu tsoro, domin mun ga gidajen da gonar gado ta yi shekaru a hannun wani, masu ita suna yi masa ƙwadago a cikinta. Idan babu makawa, a rubuta shekara nawa da nawa za a fanshe ta, a gaban dagaci da 'yan'uwa masu gado.

Yara kuma ba abin biyan bashi ba ne. Kada a cire yarinya daga makaranta a tura ta aikatau birni, ko a yi mata aure da wuri, don a rufe bakin wani. A 2 Sarakuna sura 4, gwauruwar da za a ƙwace wa 'ya'ya biyu saboda bashin mijinta ba ta yi shiru ba, ta kai kukanta wurin Elisha. Ya tambaye ta abin da take da shi a gida, maƙwabta suka ba da aron tandaye, aka sayar da mai, aka biya bashin, ita da yaran suka rayu da sauran.

Akwai waɗanda abin yakan kai su ga daina cin abinci da barci, har su fara tunanin shan maganin feshi. Idan ka ji wannan tunani a ranka, ka faɗa wa fasto, ko ma'aikacin asibiti, ko wani da ka amince da shi yau ɗin nan. Dattawa kuma, idan kun ga mutum ya daina zuwa sujada bayan kaka, ku bi shi gida ku ji dalili.

Sau da yawa mai bin bashin ma ɗan'uwa ne da muke zama a benci ɗaya ranar Lahadi, ko 'yar'uwa a ƙungiyar adashe, ita ma kuɗin makarantar ɗanta take jira. Dattawa su haɗa su biyun a keɓe, a yi lissafi, a sa rana. Kiran sunan mai bashi a gaban jama'a yakan kore shi daga ikilisiya ne, kuɗin kuma ba su dawo ba.

Idan maganar ta fi ƙarfin gida da ikilisiya, hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali, wato Legal Aid Council, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa suna da ofisoshi a manyan biranen jihohi. Ƙarar banki ana fara kai ta bankin ne a rubuce, idan bai yi komai ba sai a kai sashen kare masu hulɗa na Babban Banki. Duk inda za ku je, ku riƙe takardar rancen, da rasit, da sammaci idan akwai. Ku ba da hoton takardun, na ainihi su zauna a hannunku.